Rabin Ƙwayar da Kalsum Ta Ba Magenta

Ni dai ban taɓa son magen Kalsum ba, gaskiyar magana ke nan. Ɗakina yana kallon nata a gidan haya a Agege, kuma wannan ɓarauniyar ta sha ɗauke min kifi a taga. Amma babu mai dukanta a gidan, don kowa ya san tarihinta. Magen rumfar Malam Ɗahiru ce, mijin Kalsum, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 nan Legas. Da ya rasu, shekarar da sojoji suka miƙa mulki, abokan sana'arsa suka kawo mata butarsa da dardumarsa da magen a kwali. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse. Daga ita sai magen, har hira take yi mata.

Ana nan sai mahaukacin kare ya ciji wani a layinmu. Mai gidan hayar, wani dattijon Bayarabe da dama kallon mayya yake wa magen, ya samu abin da yake nema. Ya tsaya a tsakar gida ya ce ko dai a yi mata allurar rigakafi, ko a fitar da ita.

"Allura kawai, Baba?" in ji Kalsum. "No wahala. Duk 'ya'yana ni na kai su rigakafi, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Ni ta roƙa na raka ta. Muka shiga motar danfo da mage a kwando, tana ta kuka, fasinjoji na ta dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Likitar dabbobin yarinya ce mai fara'a. Ta yi allurar cikin ruwan sanyi, ta ce jikin magen zai iya ɗan yin zafi, kada a damu.

"Zafin allura?" Kalsum ta yi dariya a hanya. "Azumi, wannan ai tsohon aikina ne."

Washegari da safe salatinta ya fito da ni. Fuskar magen ta kumbura, ƙafafunta ma haka, harshenta ya yi duhu, tana numfashi da ƙyar. Kalsum ta naɗe ta a zani kamar jaririya. Abin mamaki, mai gidan da kansa ya fita titi ya tare mana okada.

Likita ta buɗe bakin magen ta duba, fara'ar nan ta ɓace.

"Mama, wannan ba allura ba ce. Me kika ba ta?"

"Ba komai, Dokta. Farasitamol ne kawai. Jikinta ya yi zafi, na jiƙa a cokali na ba ta, yadda nas ta koya mana idan an yi wa yara rigakafi."

Likita ta dafa kai. Ta ce maganin nan da ke sauko wa yaro da zazzaɓi, ga mage guba ne, ko ɗan kaɗan. Ta ce da ta san za a yi tunanin ba ta, da ta faɗa tun jiya.

"Rabi na ba ta," Kalsum ta ce. "Wallahi rabi, irin na yara."

Likita ta yi iya ƙoƙarinta, ta yi mata ƙarin ruwa, ta yi wata allurar. Kafin azahar magen ta mutu a cinyar Kalsum. Tausayin Kalsum ya kama ni. Matar nan ba sakaci ta yi ba, abin da ta iya ne ta yi, irin wanda ta raini 'ya'yanta da shi.

Da yamma na soya kifi na ajiye a taga. Na juya da sauri zan rufe kamar kullum, sai na tsaya da faifan a hannuna. Daga ɗakin Kalsum ina jin muryarta tana gaya wa mai gidan, wanda ya zo yi mata jaje, cewa rabi ne kawai ta ba ta.