Shekarar da Aka Sallami Shanun Sajo

A Fadan Kaje, duk macen da ta rasa ganyen miya da damina, gonar da ke bayan gidan Afiniki take nufa. Ba wai shukawa Afiniki take yi ba. Da rani Sajo Bafulatani kan kawo shanunsa gonar su ci kara su bar kashi, ruwan farko na sauka sai gasaya da lalo su tsiro da kansu a tsakanin kunyoyi. Tun zamanin surukinta haka ake yi.

Sai ga ranin 1977, mijinta Kambai ya dawo daga Kafanchan da buhu biyu na takin zamani a bayan keke, yana hura hanci kamar shi ya ƙera su. Malamin gona ya yi masa huɗuba, shi kuwa ya haddace tsaf. Da Sajo ya iso da garkensa, Kambai ya tare shi a bakin gona.

"Bana ba na son shanu, Sajo. Na samu taki na gwamnati, fari fat, ba wari."

Sajo ya kaɗa shanunsa zuwa gonar Kumai a tsallaken rafi. Zumuncin shekara ashirin, aka sallami mutum a tsaye, ko ruwa ba a ba shi ba! Afiniki ta yi magana, Kambai ya ce ina ruwan mace da ilimin gona.

Masara dai ta yi kyau, wannan ba a musu. Amma gasaya jefi-jefi ta fito, wadda ta fito kuma ta sha takin ta yi ganye fala-fala, kore shar, abin sha'awa a ido. Afiniki ta cika kwando ta dafa, sai ganyen ya narke ya koma ruwa. Ɗan ɗacin nan da ake cin gasaya dominsa babu shi. Lalo ya ƙi yauƙi. Ta shanya wani don rani, ya yi baƙi ya ruɓe a kan tabarma.

Da ita kaɗai ce, da ta haƙura. To a watan nan 'yarta Lucia ta haihu, aka kawo ta gida jego, ta yi fari kamar an wanke ta, nono kuma ya ƙi kawowa sosai. Jaririn kullum kuka. Afiniki ta yi jego shida, duk da miyar gasaya ta tashi, kuma da ita take nufin tayar da 'yarta. Kwana huɗu tana ɗura wa Lucia wannan ruwan banza, yarinya tana tura kwano gefe.

Rana ta biyar ta ɗauki kwando ta tsallaka rafi, zuciyarta na tafasa. A gonar Kumai, inda shanun Sajo suka yi rani, ga gasaya nan birjik, gajeriya, mai ƙananan ganye masu kauri. Ga kuma mata huɗu a duƙe suna tsinka, duk waɗanda bara a gonarta suke duƙawa. Suka ɗago suna kallonta.

Matar Kumai, Roseline, ta gyara tsayuwa. "A'a, Mama Lucia! Ku da kuna da taki na gwamnati?"

Afiniki ta miƙa mata kwandon. Ita da ba ta taɓa roƙon ganye ba tunda aka kawo ta garin, ta ce, "Don Allah, 'yar'uwa, na mai jego ne."

Roseline ta cika mata kwandon har ya yi tozo, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta dafa da gyaɗa da 'yar daddawa. Lucia ta cinye kwano guda tas, ta nemi ƙari. Afiniki na cikin zubawa Kambai ya shigo daga gona, ƙamshi ya ja shi har gindin murhu. Ya sa hannu ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Kin gani ko, Mama Lucia? Kina ta surutu, surutu. Miya ya taɓa daɗi haka a gidan nan? Aikin taki na ke nan!"

Afiniki ta dube shi. Ta sauke tukunyar gaba ɗaya ta kai ɗakin Lucia, ta ja ƙofa. Sannan ta dawo ta dire masa kwandon da babu komai a gabansa.

"Gobe kai za ka tsallaka rafi."