Ƙosan Hadija a Amurka

Jibirilla mai tasi ne ya kawo Baturiyar har ɗakin Tsohuwa a unguwar New Bell. Sun tarar da maƙwabciyarta Hadija tana ba ta kunu a baki, kamar kullum tun da ɓarin jikin Tsohuwa ya shanye.

"Mama, wannan Karen ce daga Amurka," in ji Jibirilla. "Babanta, Russell, mai tsara wa mawaƙa waƙoƙi ne. Ya rasu bara. Wai shekara arba'in yana rubutu babu wadda ta karɓu, sai guda ɗaya. Ita ma a nan ya ɗauke ta a kaset. Ya bar wasiyya a sa sunan mai ita."

Karen ta danna waya. Aka ji ƙarar taɓarya, sai muryar wata mace tana rera cewa ƙosan Hadija ko kare ya sansana sai ya nemi gafara.

Babu dattijon unguwar da ya manta wannan habaici. Shi ya kori masu saye daga kaskon Hadija har ta daina suya, ta koma wankau. Ba a taɓa sanin wadda ta ƙago shi ba.

Hadija ta tsai da cokali. "Muryarki ce."

"Kowa ya rera a lokacin, Dije."

"Tambayarta ke nan," in ji Jibirilla. "Rerawa kika yi, ko ke kika ƙaga? In ba ke ba ce mu wuce, *madame* tana da jirgi."

Tsohuwa ta dubi hannunta da ba ya motsi. 'Ya'yanta suna Garwa, ba sa zuwa. In Hadija ta fita, babu mai juya ta a kan katifa. Amma ƙaryar ta yi mata nauyi, ta gaji da dakonta.

"Ni ce. Kaskonki ya fi nawa ciniki, shi ke nan dalilin."

Jibirilla ya fassara. Karen ta yi murna, ta ce a faɗa mata sunan harafi-harafi.

Hadija ta daɗe tana juya kunun.

"Wai a can, me suke cewa waƙar take nufi?" ta tambayi Jibirilla.

"Ta ce waƙar soyayya ce. A biki ake sa ta."

Hadija ta gyaɗa kai. Ta ɗebo cokali ɗaya ta miƙa.

"Buɗe baki ki ƙarasa. Gobe ki nemi mai ba ki."