Jirgin da Mai Igiya Ya Ɗaure

"Katinsa ya mutu," in ji mai gadin ƙofar tashar jiragen ruwa. "Ba shiga."

"Mai katin ma saura kaɗan," na ce. "Minti goma kawai, ɗan'uwa."

Mai Igiya na zaune cikin baron da na turo shi, bargo har wuya da rana tsaka. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Shekara talatin yana tashar jiragen ruwa: a jefo igiya daga jirgi, ya cafe, ya ɗaure a turken ƙarfe. Ni dako nake yi a can.

Masu igiya suna da ƙa'idarsu, wanda ya ɗaure jirgi shi ke kwance shi. Ko hutu kake, sai an aika an kira ka. Jirgin ƙarshe da ya ɗaure, kotu ta tsare shi kan rigimar masu shi. Wata tara yana tsaye yana tsatsa, ƙirjin Mai Igiya kuma yana lalacewa a gida. Sai labari ya zo za a ja jirgin a kai wa masu yankan ƙarfe.

"Baba, koma gida ka sha magani," mai gadi ya ce. "Igiya ce fa, ba sarauta ba."

"Da hannun nan na ɗaure shi," ya ce, tari ya ƙwace sauran.

Na roƙa, na yi zagi. A banza. Na juya baro.

Ranar da aka ja jirgin ina wurin. Gishiri da rana sun mai da ƙullin kamar dutse. Wani sabon ma'aikaci ya gwada sau biyu, ya yi tsaki, ya ɗauko zarto.

Da na shiga ɗakin Mai Igiya, matarsa na goge masa baki da tsumma.

"Jirgin ya tafi?" ya tambaye ni.

"Ya tafi."

"Wa ya kwance?"

Matar ta ƙifta mini ido. Na gani sarai. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban san ta inda ake farawa ba.

"Ba wanda ya kwance. Yankewa suka yi."

"Kai dai bakinka ba linzami," in ji ta.

"Rabu da shi," ya ce. "Shi ya sa na aike shi."

Ya juya fuska bango. Kafin la'asar ya cika.

Washegari na koma dako. Guntun igiyar na rataye a turken, bakinsa ya tsefe. In ruwa ya cika sai ya jiƙa shi, in ya janye ya bar shi yana ɗiga.