Wanda Zai Faɗa wa Baba

Ranar da Baba ya yanki mai gyaran rediyo a gefen kunne, kowa a gidanmu ya zama jarumi, amma a falon Umma jarumtar ta tsaya.

Baba mai aski ne tun kafin a haife mu, kuma hannunsa ya fara rawa. Duk layinmu an sani. Samari sun daɗe da sulalewa zuwa sabon shagon nan mai talabijin, tsofaffin abokansa kaɗai suka rage. Su zo su zauna a kujera, su rufe ido, leɓɓansu na motsi. Baba ya ce daɗin askinsa ne ke sa su gyangyaɗi. Shi ma mai gyaran rediyon, da auduga manne a kunne, rantsuwa ya yi wa Baba cewa shi ne ya motsa. Sai da ya biyo ta gida ya faɗa wa Umma gaskiya, ya ce:

"Yau kunne ne, gobe maƙogwaro. Ku yi masa magana ya ajiye askar nan."

Umma ta tara mu. Babban yayanmu, da muke kira Yaya Malam saboda Turanci yake koyarwa a sakandare, ya gyara zaman tabarau.

"Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne," in ji shi. "Turawa kalma ɗaya suke da ita ta fara magana mai nauyi, broach. Asalinta tsinken ƙarfe ne da ake huda ganga da shi, abin da ke ciki ya zubo. Haka zance yake. Ka nemi wuri mai laushi, ka huda a hankali."

Umma ta ce, "To madalla. Je ka huda."

Matsalar ita ce Baba ba ya hira a gida. Ko gobara ka ce masa ta tashi, "uhm" zai ce ya ƙara muryar rediyo. Wuri ɗaya yake sauraron mutum: a kan kujerar aski, da ƙyalle ɗaure a wuya. Tun muna yara haka muke yi, duk mai magana da Baba sai ya je da kansa, ya miƙa shi a aske.

Yaya Malam ya tafi da tsinkensa. Ya dawo da wata hanya a tsakiyar kai, sai ka ce an ja kunyar shuka.

"Na share fage," ya ce.

"Me ka faɗa masa?" in ji Umma.

"Mun taɓo batun zafin da ake yi."

Washegari ɗalibansa suka fara ganinsa da hula.

Sai mijin yayarmu Anti, mai gadi a wani kamfani, mutum mai faɗin ƙirji da ba ya gajiya da ba mu labarin ɓarayin da ya kora. Ya ce shi ba ya kewaye-kewaye, gaba da gaba zai faɗa. Ya dawo da rabin gashin baki.

"Aska tana kan maƙogwarona ya tambaye ni ko ina kula da 'yarsa," ya ce. "Me kuke so in ce masa?"

Anti kuwa nas ce. Daga kan kujerar falo ta gano cutar, ta faɗi sunanta, har da maganin da ya kamata. "Da ni namiji ce da tuni an wuce wurin," ta ce, tana shafa kitsonta cikin kwanciyar hankali.

Daga nan duk ido ya dawo kaina, ni Auta, da sanƙo ya riga ya yi wa Baba rabin aikin. Na fi kowa yi musu dariya, don haka ba ni da bakin ƙi.

Da hantsi na isa. Shagon yana nan yadda na san shi: madubi mai tsaga a kusurwa, kwalbar sifirit, gwangwanin hoda, fankar da ke juyawa ba iska. Benci babu kowa. Baba yana zaune da hularsa a danne har kunne, duk da zufar da ke bin wuyansa.

"Kai ma?" ya ce. "Zauna."

Ya ɗaura min ƙyalle. Ta madubi na ga ya ɗauko aska, tana bugun bakin kwanon ruwa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, shi kuma yana kallon wani wajen kamar ba a hannunsa take ba. Tsoro ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi tsoron yawa.

"Baba, dama..."

"Dama me?"

"Dama... zafin nan ya yi yawa bana."

Ya kalle ni ta madubi. Sannan ya ajiye askar.

"Yayanka zafi. Mijin yayarka zafi. Kai ma zafi. Ashe masu hasashen yanayi na tara a gida ban sani ba." Ya kwance ƙyallen. "Tashi."

Na tashi. Ya hau kujerar da ban taɓa ganinsa a kanta ba, ya ɗaura wa kansa ƙyallen da ƙyar, ya cire hula.

Kan Baba tsibi-tsibin furfura ne nan da can, tsakaninsu kuma yanka, wasu sun bushe, wasu sun yi ɓawo, biyu ko uku jininsu ko daskarewa bai gama yi ba.

"Kullum da safe a kaina nake fara gwadawa," ya ce. "In na ga jinin kaɗan ne, sai in buɗe wa mutane ƙofa. Kwanakin nan ba ya zuwa kaɗan."

"Baba, me ya sa ba ka..."

"In faɗa wa wa? Duk wanda ya zauna a nan zafi ke damunsa." Ya nuna min injin aski da haɓa. "Ɗauki wancan ka daidaita min shi. In ka gama ka kulle shagon, ka kai wa uwarku mabuɗi. Kuma kada ka ce ni na ce. Ka ce kai ka yi min magana, na ji."

Na kunna injin. Na ɗora hannun hagu a kan wannan kai da ya yi shekaru yana sunkuyawa a kan namu, idona ya cika, injin ya shiga karkarwa a hannuna har haƙoransa na taɓa kunnensa.

Baba ya ɗago ido ya dube ni ta madubi.

"Riƙe da kyau mana, Auta. Kai ai ba ka da dalili."