Tamostat ɗin Motar Olive

Shekara goma sha tara Nassirou ya yi yana riƙe da garejinsa a Damagaram, kuma duk motar da ta zo daga Turai ta faɗa hannunsa ba ta fita da tamostat a cikinta. Tamostat ɗin nan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi murfin kwalba girma ba. Yana zaune a bakin tiyon ruwa, yana tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, sannan ya sake shi ya wuce lagireto. A wajen makanikan Damagaram kuwa, kayan ƙasar sanyi ne, a zafi sai dai ya shaƙe mota. Cire shi ake yi a jefa a gwangwani, mai mota har godiya yake yi. Haka ubangidansa ya koya masa, haka shi ma ya koya wa wasu.

Da ya yi ƙaura zuwa garin Laurel a ƙasar Turawa, duk garejin da ya shiga neman aiki tambayarsu ɗaya ce, ina takardar shaida. Ya nuna musu hannayensa, suka ba shi haƙuri. Sai ya kama gadi a wani sito, yana da shekara arba'in da shida, yana kallon manyan motoci suna shiga suna fita, yana jin wacce injinta ke ciwo amma ba halin ya taɓa. Matarsa Mariama ce ta gaji da tsakin da yake yi a gida.

"Baban Khadija, ka koma lakwal mana," in ji ta. "In takarda suke so, ka je ka ɗauko musu takarda."

Haka ya shiga makarantar koyon gyaran mota a shekarar 2009, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Malamarsu Pauline ce, wata gajeruwar mace mai furfura da ta shekara talatin a ƙarƙashin motoci, ba ta ɗaga murya amma ba a maimaita mata kuskure. Dokokinta biyu ne. Kafin ka ɗauki sifana, ka buɗe littafin kamfanin da ya ƙera motar a kwamfuta. Kuma duk abin da hannunka ya yi wa mota, alƙalaminka ya rubuta shi a takardar aiki, ka sa hannu. Wanda aka kama da aikin da bai rubuta ba, ya faɗi zangon gaba ɗaya. Nassirou yana bi, amma a ransa gani yake ɓata lokaci ne. Shi da yake gane ciwon inji da kunne, wai sai ya tambayi kwamfuta!

Makarantar tana karɓar motocin mutanen gari don ɗalibai su koyi aiki. A watan Agusta na shekararsa ta biyu, ana zafi kamar a gida, wata tsohuwa mai suna Olive ta kawo koriyar motarta daga garin Bowie, ta ce in ta tsaya a cunkoso allurar zafi sai ta hau. Aka ba Nassirou ya wanke lagireto ya canza ruwa. Ya yi. Sai kuma tausayin tsohuwar ya kama shi, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya cire tamostat, ya ajiye a akwatin kayan aikinsa, don bakaniken kirki ba ya zubar da ƙarfe. Bai rubuta ba, domin ya san babu littafin da ya ce a yi haka. Allura ta sauka, Olive ta tafi tana sa albarka.

Jarrabawar ƙarshe ta faɗo a Disamba, da safiyar wata Alhamis, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Kowane ɗalibi za a ba shi mota guda, ya gano matsalarta, ya gyara, ya rubuta. Wanda ya ci, takardar shaida tasa ce. Pauline ta raba makullai, ta nuna wa Nassirou tasa. Yana juyawa, sai ya ga koriyar motar nan ce ta Olive.

Olive tana zaune a ɗakin jira da safar hannu biyu a haɗe. Ta ce mako uku ke nan hita ba ta ba da ɗumi, ga wata fitila ta kama a gaban direba. Sau uku a mako take kai mijinta asibiti wankin ƙoda, kafin su isa yatsunta sun ƙage a kan sitiyari, shi kuma mijin yana rawar sanyi cikin bargo.

Nassirou ba ya buƙatar buɗe komai, ya san ciwon, don shi ya sa shi. Kuma hanyar tsira tana buɗe a gabansa. Zai iya sa sabon tamostat, ya rubuta cewa tsohon ya lalace. In Pauline ta ce a nuna mata tsohon, ai ga shi nan a akwati. Babu wanda zai taɓa sani. Ya tuna shekara biyu na karatu, ya tuna rigar gadi da ke rataye a gida.

Ya je ya buɗe littafin. Ya jona na'urar bincike, ta ce inji ba ya kai zafin da ya kamata. Sannan ya ɗauko tsohon tamostat, ya sa shi a tukunyar ruwa da ma'aunin zafi, ya kunna wuta, kamar yadda littafin ya ce a gwada. Ruwan yana kai daidai lambar da aka rubuta, ɗan ƙarfen ya buɗe bakinsa lafiya lau. Ashe ba shi da laifin komai. Kunya ta kama Nassirou, ya tuna gwangwanin Damagaram cike da irinsa.

To in ba shi ba ne, me ya sa motar zafi a Agusta? Ya bi wayoyin fankar lagireto ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata 'yar na'ura mai kunna ta ta ƙone a ciki. Ya canza ta, ya sa sabon tamostat, ya tayar da inji. Fanka ta juya a kan lokacinta. Sai ya zauna ya rubuta komai, har da ranar da ya cire da dalilin da ya sa, ya sa hannu.

Pauline ta karanta a tsaye, ta sake karantawa.

"Ka san dokata?"

"Na sani, Madam."

"Da ka yi shiru, da ban gane ba."

"Da ni na gane," ya ce.

Ta ce ya je ya faɗa wa mai motar da bakinsa. Ya je, ya tsaya gaban Olive da hularsa a hannu, ya ce shi ne ya sa mijinta rawar sanyi, ta yafe masa. Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta tashi ta shiga motar, ta cire safar hannun duka biyu, ta miƙa yatsunta ga iskar hita, ta lumshe ido.

"Nan gaba kai za ka riƙa duba mini ita," ta ce.

Da ya koma, Pauline ta ce dokarta ta wanda aka kama ce, shi kuwa shi ya kawo kansa. Aikin Agusta ta ba shi sifili, kuma sifilin zai zauna a fayil ɗinsa. Na yau kuwa, ta sa hannu a ƙarƙashin nasa, ya ci. Ta nemi izininsa ta manna takardar a allon aji don ɗaliban baɗi su ga yadda ake rubuta ta, ta ce za ta iya rufe sunan.

Nassirou ya dubi sunansa a ƙasan laifinsa, da tabon baƙin mai a gefe. Alfahari ya cika masa ƙirji irin wanda bai ji ba ko ranar da ya buɗe garejinsa.

"A'a, Madam," ya ce. "A bar sunan."