Alamar Dala

Kowace la'asar, kafin a tashi kasuwa, sai an kawo wa Mai Waya takardar farashin kaya ya buga wa ofishin kamfani da ke tashar jiragen ruwa. Ɗakinsa ƙarami ne, daga tebur sai fanka mai ƙugi, sai na'urar tangaraho wadda maɓallinta ya sha yatsa har ya yi sulɓi. Kowane harafi da irin bugunsa, wani gajere, wani dogo.

Haruffa ba su dame shi ba. Alamar dala, kuɗin Amurka, ita ce ta hana shi sakat. Gajere uku, dogo, gajere biyu, dogo, ga shi kusan kowane layi da ita yake farawa. Tun bara wuyan hannunsa na dama ya fara ƙin ta. Da ya kai tsakiyarta sai jijiya ta ɗaure, yatsu su sandare, gajerun su cakuɗe da juna.

A gida matarsa takan dafa ruwa ta gasa masa hannun da tsumma.

"Baban yara, ka faɗa wa mutanen kamfani mana."

"In ce musu me? Mai waya ba shi da hannu? Washegari za ki gan ni a gida ina taya ki wanke-wanke."

"Allah ya kiyaye. Kai da ko cokali ka wanke sai na sake."

Mai karɓar saƙon a can, wanda yake kira Ɗan Tasha, ba su taɓa haɗa ido ba, amma shekara da shekaru suna kan waya ɗaya. Ya san bugun Mai Waya kamar yadda ake gane takun mutum tun daga ƙofar gida. Wata rana da alamar ta yi ta wargajewa, sai Ɗan Tasha ya katse shi ta wayar.

"Tsoho, hannu ne?"

Mai Waya ya dubi ƙofa, sannan ya buga: "Sauro ne."

"Sauron nan naka ya daɗe. Bar alamar. Ka ɗan dakata a wurinta, ni zan rubuta."

Dokar kamfani ta ce komai sai an buga shi, don akwai kayan da ake yi wa farashi da kuɗin gida. Amma haka suka ci gaba: in ya dakata, dala ce, in ya zarce, kuɗin gida ne. Ba a taɓa samun kuskure ba, kuma babu wanda ya sani.

Yau da ya buga sallama, wani hannu ne ya amsa, mai sauri, tsaf-tsaf, ba ko gaisuwa.

"Ina Ɗan Tasha?"

"An sallame shi. Kunne ya yi nauyi. Aiko."

Mai Waya ya dubi maɓallin. Ashe Ɗan Tasha ma da nasa ciwon. Ya ja takarda gabansa, ya dakata kamar kullum, ya buga lambobin layin farko.

"Wane kuɗi? Maimaita."

"In na dakata, dala ce. Haka muke yi."

"Baba, ba a koya mana rubuta dakatawa ba. Buga alamar."

Yaron bai yi laifi ba, Mai Waya ya sani. Ya murza wuyan hannu, ya ɗora yatsu. Gajere uku suka fita, dogo ya fita, daga nan hannun ya kafe. Ya sake. Ya sake. Zafin ya hau har kafaɗa.

Ya jawo na'urar zuwa hagunsa. Hannun hagu bai taɓa aikin ba, yana tafiya kamar mai koyon tatata, amma alamar ta fita cikakkiya.

"Ɗalibi aka ɗora mini?"

"E. Yi haƙuri da shi."

Bai kai rabin takardar ba aka fara jin ƙarar rufe shaguna a titi. Babban akawu, da bai san ko harafi ɗaya na bugun ba amma ya saba da saurinsa ta bango, ya leƙo. Ya ga hannun dama kwance a cinya, na hagu a kan maɓalli.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun bara."

"Haba! Da ka faɗa mini."

"Da ka sallame ni tun bara, ranka ya daɗe."

Akawun ya cire tabarau, ya goge ido, ya zauna a gefen tebur.

"Farashin yau ya riga ya makara, kuma ni za a tambaya. Gobe zan nemo mai bugawa. Kai ka koma taga kana karɓar takardun mutane. Albashin ba ɗaya ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Na gode."

"Kada ka gode mini. Tashi ka tafi gida."

Na'urar ta yi ƙara. Mai Waya ya saurara.

"Me ya ce?" in ji akawu.

"Wai yana jira."

"Kasuwa ta tashi, Malam. Ba wanda zai karanta."

"Na sani."

Ya gyara zama, ya sa yatsa a layin da ya tsaya, ya ci gaba da hagu, a hankali. Akawu ya ɗan tsaya, sannan ya fita ya ja masa ƙofa.