Bulalar Tsumma

Mai keken doki bai taɓa dukan dokinsa ba. Da masu fim suka zo juya tsohon littafin nan na dokin da ya sha wuya a hannun mutane, sai suka ba shi matsayin azzalumin. Bulalar tsumma suka damƙa masa, daga baya suka ɗora mata ƙarar duka a fim ɗin.

Fim ya fito, unguwa ta sha kuka.

"Baba, ka ji tsoron Allah," in ji matar da yake ɗaukar wa kaya. "Ni da kekenka har abada."

Wata biyu ba lodi, ba dusa. Dole ya sayar wa mai bulo dokin. Kullum da safe ta ƙofar mai keken suke wucewa. Bulalar mai bulo ta fata ce, kuma ba mai ko leƙowa.